Kana son saka lif ɗin ɗaga mota a garejin gida? Fara da tef ɗin awo tukuna

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗigo masa a fuska yana lalubar noti da sifana, ba sai an yi masa bayanin dalilin da zai sa mutum ya yi sha'awar lif a gidansa ba. Yanzu kuma abin ya zo kusa, kana shiga intanet za ka ga hotuna kala-kala, ja da shuɗi, an ɗaga Hilux sama mutum na tsaye a ƙasa yana murmushi, sai ka ji kawai ka tura kuɗi a turo maka. To a nan ake yin kuskuren, daga hoto ake fara zaɓe, alhali garejin naka ne zai gaya maka irin wanda zai karɓa. Tsayin silin, kaurin kankaren da ke ƙasa, da irin wutar da ke shigowa gidan, su za su yanke hukunci, kai dai naka ka auna.

Ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi kowane saukowa a saman garejin, ba silin kawai ba, idan akwai bim ko fanka ko ƙwan fitila ko ƙofar nan mai naɗewa sama, daga nan awonka ya tsaya. Lissafin ba wuya. In kana so ka tsaya da tsayinka a ƙarƙashin mota kana buƙatar wajen mita 1.8, sai ka ɗora tsayin motar a kai. Corolla ko Camry wajen mita 1.45 ne, ka ga an kai 3.25 kenan tun ba a bar ɗan sarari ba. Hilux wajen 1.8, an tafi 3.6. Land Cruiser ta ɗara haka, in kuma akwai kariyar ɗora kaya a samanta sai ka ƙara. Yawancin ɗakunanmu kuwa wajen mita 3 ake yi musu, wato ƙafa 10, shi ya sa lif mai ginshiƙi biyu irin wanda ƙarfe ya haɗa shi ta sama, wanda ke neman wajen ƙafa 12, ba ya ma shiga yawancin garejin gida. Akwai wanda aka bi da igiyoyinsa da tiyon mai ta ƙasa aka rufe da faranti, shi ginshiƙansa gajeru ne, ba su cika kai mita 3 ba, zai shiga, amma ka sani shigar lif daban ɗaga mota har ƙarshe daban, in silin ya yi ƙasa rufin motar ne zai fara gaisawa da shi. Kuma wannan farantin na ƙasa yana tare hanya idan za ka turo jak ɗin sauke giyabos. Faɗi ma a duba, mai ginshiƙi biyu yana cin wajen mita 3.4, kuma kana son wurin da za ka ratsa ta bayan ginshiƙi ba tare da ka goge riga da bango ba.

In garejin naka rumfar kwano ce kawai a tsakar gida, ta wani gefen ma ka fi mai dekin sa'a, don ɗaga rumfa sama aikin mai walda ne na kwana ɗaya ko biyu. Sai dai ruwa da rana da ƙura, injin da akwatin wuta dole a kare su, yawancin waɗannan lif ɗin don cikin ɗaki aka ƙera su.

Yanzu ƙasa, kuma nan ne nake so ka nutsu sosai don nan rai yake. Lif mai ginshiƙi biyu ba a ajiye yake a ƙasa kamar tebur ba, ɗaure shi ake yi da manyan kusoshi da ake huda kankare a dasa, kowane ginshiƙi da guda biyar ko fiye. Lokacin da mota ta hau sama, hannayen lif ɗin sun miƙa ciki ɗauke da nauyi, saboda haka kowane ginshiƙi yana son ya rusuna ya faɗo wajen motar, kusoshin bayansa kuma ana fizgarsu sama kamar za a tumɓuke su. Abin da ke hana hakan shi ne ƙarfin kankaren da ya riƙe su, shikenan. Kamfanonin Amurka irin su BendPak da Rotary, ga lif mai ɗaukar fam 9,000 zuwa 10,000, wato tan 4 zuwa 4.5, suna neman kauri aƙalla inci 4 ko ɗan sama da haka, da ƙarfin kankare PSI 3,000 a ma'aunin Amurka, wanda ya zo kusa da abin da injiniyoyinmu ke kira C20/25, kuma ya kwana 28 da zubawa. Da yawa daga cikin na Turai da na Chana ma sun fi haka nema, za ka ga littafinsu ya ce santimita 15 ko 20. Abin da littafin naka ya ce shi za ka bi, ba abin da mai sayarwa ya faɗa maka a waya ba.

To mu dawo gida mu faɗa wa juna gaskiya. Daɓen garejin da aka yi lokacin da ginin ya zo ƙarshe kuɗi sun ƙare, aka zuba ɓaraguzan bulo aka bi da siminti mai yashi da yawa aka shafe sama ya yi sumul, wannan ba kankaren lif ba ne ko da ya yi shekara ashirin bai tsage ba. Tayil ma yaudara ne, ba ka san me ke ƙarƙashinsa ba. Intalok da kwalta kuwa kar ma a fara maganar. Hanyar sani ɗaya ce, ka samo injin huda ka huda a daidai inda ginshiƙan za su tsaya, ka zura waya ka ga inda kankare ya ƙare ƙasa ta fara, kuma ka lura da yadda injin ke shiga, in ya wuce fuu babu gardama garin da ke fitowa duk yashi ne, ka samu amsarka. In bai kai ba sai a fasa wurin a haƙa a zuba sabo, da rodi, da tsakuwa mai kyau, kuma ni a ganina gara a zuba shi shimfiɗa ɗaya da ta haɗa ginshiƙan biyu maimakon ɗan murabba'i nan ɗan murabba'i can. Ka kira injiniyan gini ya faɗi kwaɓin, ka tsaya a kan birkila da kanka ranar zubi don buhun siminti yana da ƙafa, a riƙa ba shi ruwa musamman in lokacin zafi ne ko hunturu da yake saurin bushewa ta sama, sannan ka haƙura kwana 28 ɗin nan su cika. Kar a dasa kusa dab da tsaga ko bakin kankare, littafin zai faɗi tazarar. Kuma a sa ma'auni a ga ginshiƙan sun miƙe tsaf, in ƙasa ta ɗan karkata akwai siraran faranti da ake cusawa, amma su ma suna da iyaka, ba a tara su kamar ana gini.

Idan duk wannan ya yi maka yawa, ko gidan haya kake mai gida ba zai yarda a fasa masa ƙasa ba, ai ba mai ginshiƙi biyu ne kaɗai lif ba.

Akwai mai ginshiƙi huɗu, wanda ake hawa da mota a kan dogayen faranti biyu ta tsaya a kan tayoyinta. Shi nauyinsa a miƙe yake sauka ta kusurwa huɗu, bai matsa wa kankare kamar wancan ba, da yawa daga cikin na gida ma ba dole ne a ɗaure su ba, har tayoyin turawa ake sayar musu. Sauƙin amfani ba a magana, ka hau ka ja birkin hannu ka sa waigi a taya ka danna. Juyen mai, salansa, duba ɗigo, duk lafiya lau. Kuma shi ne na mai motoci biyu da wurin ajiye ɗaya, a ɗaga guda a shigar da guda ƙasa, sai dai ka haɗa tsayin motocin biyu ka ƙara wajen santimita 25 na kaurin faranti da ɗan ɗagawar da ake yi kafin a saki makullin da ke riƙe motar a sama, ƙananan motoci biyu ma sun haura mita 3, kuma ka sa tiren tare mai in ba so kake ta sama ta yi wa ta ƙasa zane ba. Inda ya gaza shi ne aikin taya, birki, shokazoba, duk abin da sai taya ta rataya, nan sai ka ƙara sayen jak na musamman da ke zama tsakanin farantan biyu, kuma ba araha gare shi ba. Ga cin wuri.

Sai mai almakashi, wanda ke kwance a ƙasa ya miƙe sama. Matsakaicinsa yana ɗaga mota wajen mita 1 ko ɗan sama, daidai aikin taya da birki da gyaran bodi kana zaune a kan ɗan benci, kuma silin mita 3 ya ishe shi. Aibinsa shi ne jikinsa na tare tsakiyar motar, in aikinka giyabos ne ko salansa zai ba ka haushi, sannan mota mai ƙasa-ƙasa wani lokaci sai an sa mata katako ta taka kafin ta hau. Akwai kuma ƙananan da ake ɗauka a jingine a bango irin QuickJack, firam biyu ne ake turawa ta gefe da gefe, suna ɗagawa wajen rabin mita da ɗan wani abu. A kwance za ka yi aikin har yanzu, amma kwanciya ce mai sarari da kwanciyar hankali, tsakiyar motar a buɗe, babu huda ƙasa, har akwai mai aiki da batirin mota 12V wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya mutumin da aikinsa juye ne da canza birki ranar Asabar, wannan ko mai almakashi ya ishe shi, mai ginshiƙi biyu na wanda ke sauke inji da giya ne da gaske.

Wani zai ce to me ya hana a haƙa rami kawai irin na garejin bakanike da wurin wankin mota? Ana yi, kuma ya fi araha, ba ruwansa da wuta. Amma a cikin gida ni ba na so. Tururin fetur ya fi iska nauyi, cikin ramin yake sauka ya kwanta, tartsatsi ɗaya ya isa. Damina ta zo ya tara ruwa da sauro, ga yara na guje-guje, kuma bai ɗaga maka taya ko ɗaya ba.

Maganar nauyi. Kar ka tsaya a kan motar da kake hawa yau, ka tuna da ta yayanka da zai kawo ranar da ya ji ka saka lif. Corolla wajen tan 1.3 ce, Camry 1.5, Hilux da Sienna wajen tan 2, Land Cruiser ta haura 2.5. Sai ka ga kamar lif mai tan 3 ya wadatar da kowa, amma lambar da aka rubuta ta hannaye huɗu ce a haɗe, lif mai tan 4 kowane hannu tan 1 ne rabonsa, mota kuma ba ta raba nauyinta daidai, mai inji a gaba gabanta ya fi nauyi, a-kori-kura da kaya a baya kuma akasin haka. Saboda haka a bar rata mai kyau, mai tan 4 shi ne daidai ga yawancin gidaje. A wajen mai ginshiƙi biyu za ka ji ana cewa wani hannayensa tsayi ɗaya ne wani kuma na gaba gajeru na baya dogaye. Na biyun yana sa motar ta ɗan ja baya daga ginshiƙi yadda za ka iya buɗe ƙofa ka fito ba tare da ka buga ta ba, ya fi daɗi ga ƙananan motoci, na farkon kuma ya fi dacewa da dogayen motoci masu nauyi. Ka tambayi ƙanƙantar tsayin tafin hannun, wato inda motar ke zama a kai, daga ƙasa in motarka mai ƙasa ce, kuma ka tabbata an haɗo maka da ƙarin tsayin da ake ɗorawa don ya kai ga shasin Hilux ko Prado ba tare da hannun ya matse matakalar gefe ba. Bulo ko guntun katako ba ya maye gurbinsu, don Allah.

Wuta kuma, nan ne masu odar kaya daga waje ke shan mamaki. Tamu 230V ce a kan 50Hz, ta Amurka 60Hz, kuma ƙananan lif ɗinsu da yawa 110V ne. Injin da aka yi don 60Hz in ka ba shi 50Hz zai rage gudu kuma ya riƙa zafi, saboda haka ka karanta farantin da ke jikin injin, ka ce a turo maka hotonsa kafin ka biya. Na Chana da na Turai da yawa suna zuwa da layi uku, 380V ko 400V, in gidanka layi ɗaya ne tun wajen oda za ka faɗa. Injin yawanci wajen 2.2kW ne, ba ya daɗewa yana aiki, ƙasa da minti ɗaya mota ta kai sama, amma lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa, ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba, inbatar da ke riƙe fanka da talabijin ma haka. A ja masa layinsa daban da waya mai kauri da birekarsa, a yi masa atin, kuma in wuta ta zo rabi-rabi ƙwan fitila na ja, ka haƙura kar ka danna, haka ake ƙona inji.

Ga wani abu da ba a cika tunawa ba sai ya faru. Lif mai aiki da man haidurolik ba ya buƙatar wuta wajen saukowa, nauyin motar ne ke koro man ya koma tanki. Amma motar a kan makulli take zaune, kuma kafin makullin ya saku sai an ɗan ɗaga ta sama tukuna. To an ɗauke wuta, janareta ba mai, matar gida na jiran a kai ta asibiti ko biki, mota na sama. Ka tambayi mai sayarwa tun farko yaya ake sauke mota in babu wuta, akwai famfon hannu ko babu, ya nuna maka a littafi. Wasu lif ɗin kuma da iska ake sakin makullinsu, ka ga sai ka tanadi kwamfireso. Akwai ma irin na Turai masu aiki da dogon zaren ƙarfe maimakon mai, su hawa da sauka duk sai da wuta, in ka ci karo da na hannu irinsu ka yi tunani sau biyu.

Shi makullin nan shi ne abin da zan fi dubawa a jikin kowane lif. Asalin abin ma, wani bakanike ne a Memphis ta Amurka, Peter Lunati, ya ga yadda kujerar mai aski ke hawa da mai ya ƙera lif ɗinsa a 1925, daga nan kamfanin Rotary ya samo asali. Mai yana ɗagawa da kyau amma ba a ba shi amanar riƙewa, tiyo na fashewa, roba na sakin ɗigo. Shi ya sa ake jera haƙoran ƙarfe a cikin ginshiƙi, mota na hawa kana jin ƙas, ƙas, ƙas, kuma so ake ka ji ɓangarorin biyu na bugawa tare, in ɗaya na riga ɗaya igiyoyin daidaitawa na neman gyara. Ka kai tsayin da kake so, sai ka ɗan sauke ta ta zauna a kan haƙori, sannan ka shiga ƙasa. Hannayen ma suna da nasu makullin da ke hana su zamewa gefe da zarar sun bar ƙasa, ka kama hannun ka girgiza ka gani. A Amurka akwai ƙungiyar ALI da ke gwada lif ta manna masa tambari mai ruwan gwal, kuma ana iya duba sunan samfurin a shafinsu, a Turai kuma alamar CE ce da ƙa'idar EN 1493. Sitika dai kowa na iya bugawa, ka nemi takardar gwajin mai ɗauke da lambar samfurin. Lif ɗin da babu faranti a jikinsa, ba sunan kamfani ba nauyin da yake ɗauka, ko wanda wani ya ce zai haɗa maka da walda a rabin kuɗi, araha ba ta ado malam, masu waldarmu gwanaye ne a ƙofa da rumfa amma wannan ba wurin gwaji ba ne.

Na hannu ba laifi in daga garejin da ka sani ya fito kuma ka gan shi yana aiki da mota a kai. Duba igiyoyin ƙarfen ko sun fara tsintsiya, silinda ko tana jiƙe da mai, haƙoran makulli ko sun cinye, da wajen walda ko akwai tsaga ko sabon fentin da aka shafa a wuri ɗaya kawai. Kusoshin ƙasa sababbi za ka saya, ba a maimaita tsofaffi. Kuma ko sabo ko tsoho ka tambayi inda za ka samu roba da tiyo da igiya in sun lalace, don lif ɗin da babu kayan gyaransa a ƙasar zai iya zama wata uku yana jiran roba ɗaya. A lissafin kuɗinka ka sa dako da kwastan in daga waje ne, da masu saukewa don abin ya haura rabin tan ba aikin yaran unguwa biyu ba ne, da kankare, da mai wuta, da mai haɗawa wanda ya taɓa haɗa irinsa, da man haidurolik wajen lita 10 ko sama, yawanci lamba 32 ko 46, ba baƙin man inji ba.

Ranar da za ka fara ɗaga mota, buɗe littafin motar ka ga wuraren da aka ware don ɗagawa, ƙananan motoci a ƙarfen gefe ne ƙarƙashin ƙofa inda aka yi 'yar alama, masu shasi kuma a jikin shasin. Ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, tsaya, ka leƙa tafi huɗun duk sun zauna, ka kama bamba ka jijjiga ta da ƙarfi, in za ta zame gara ta zame a nan. In za ka cire abu mai nauyi irin inji ko giyabos ko tankin mai a cike, ka tuna ma'aunin motar zai canza tana sama, sai an tokare gaba ko baya da dogon jak mai ƙafa uku. Da hunturu ƙura na haɗuwa da giris ta zama kamar yashi a cikin ginshiƙi, a riƙa gogewa ana sa sabo, a share sandar silinda, kusoshin ƙasa kuma a bi su da sifana lokaci-lokaci don suna saki musamman a watannin farko. In ka ga ɗaya na juyawa ba ya ɗaurewa, ko kankare ya fara tsagewa a gindin ginshiƙi, a daina ɗaga komai sai an gyara. Kuma a sa makunnin a cikin akwati mai kwaɗo, in ka gama aiki ka sauke lif ɗin ƙasa gaba ɗaya ka kashe bireka ka zare ɗan makullin, don yaran gida sun riga sun ga maɓallin da kake dannawa.